Farin Yadin da Baba Ya Ajiye

Ina ofis a Birnin Kudu ranar Talata da hantsi, ƙanwata Saude ta kira ni daga garinmu Maruta ta ce Baba ya cika. Na yi salati, na rufe fayil ɗin da ke gabana, na fita neman mota. Har yau ban yi kuka ba, ban kuma san dalili ba.

Baba ɗan gidan malamai ne, amma ƙuruciyarsa duk a masaƙa ta ƙare a Kano. 'Yan'uwansa ba su taɓa yafe masa ba. Yayansa yakan ce, "Ɗan malam guda da leburanci a gindin inji!" Da aka rufe kamfanin ya dawo gona, ƙarar injuna ta riga ta kashe masa kunne ɗaya. Duk wanda ya zo gaishe shi sai Baba ya kama bakin rigar mutumin ya murza, ya ce da ƙarfi, "Wannan ba namu ba ne, na waje ne. Wanki uku ya gama." Kunya nake ji in ya yi wa abokaina haka. A makaranta in an tambayi sana'ar mahaifina, manomi nake cewa. Ya sani, bai taɓa tanka mini ba.

Bara da na je gida ya kira ni ɗaki, ya buɗe akwatin ƙarfe, ya nuna mini wani farin yadi. Ya ce, "Na satinmu na ƙarshe a masaƙa ne, daga injina ya fito. In ta Allah ta kasance, a ciki za ku sa ni. Kai kaɗai na faɗa wa, kada hankalin Innarku ya tashi." Na ce to, Baba, idona yana kan waya.

Ranar Talatar nan ban tuna ba. Na tsaya a Gwaram wajen mai yadi, na sa aka yanko likkafani irin na waje, na kai da hannuna. Sai bayan sadakar uku, Inna tana kwashe kayansa, ta ɗago yadin ta ce, "Wannan kuma na mene ne?" Na ce ban sani ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna da Saude haƙurin wannan rashi. Ni kuma Allah Ya yafe mini, Ya ba ni ƙarfin halin faɗa wa Inna gaskiya.