Motar Ba Ta Rage Gudu Ba Bayan Sabi'u

Shekara tara ke nan cif da rasuwar mijina, Injiniya Sabi'u, Allah Ya jiƙansa. A makon nan 'yarmu Ilham ta turo mini saƙo daga jami'a, cewa ƙungiyar Abbanta ta sake ƙare kakar bana a sahun gaba. A cikin bas na karanta, a kan Wilmslow Road, a nan Manchester. Na mayar da wayar cikin jaka, sai da na isa gida na ba ta amsa.

Ƙungiyar da take nufi ta tseren mota ce. Ba irin manyan nan da duniya ke kallo a talabijin ba. Ƙarama ce, garejinta yana bayan garin Birmingham, ma'aikatanta duka bas ɗaya za ta kwashe su. Sabi'u ya zo ƙasar nan karatun injiniya a unguwar Edgbaston ta Birmingham, aka tura shi garejin sanin makamar aiki na wata uku, shi ke nan bai sake fitowa ba. Aikinsa birki da ƙafafun mota: yadda za ta sha kwana da gudu ba ta zame ba, yadda taya za ta kai ƙarshen tsere ba ta cinye ba. Ni kuwa aikina a Manchester yake, a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Sai ya kama ɗan gidan haya a unguwar Lozells ta Birmingham, ni da Ilham muka zauna a unguwar Rusholme ta Manchester. Muka ce shekara biyu za mu yi a haka. Sha ɗaya muka yi.

Lokacin sanyi, da ba a tsere, duk Juma'a yana hanya a jirgin ƙasa. Amma da kakar tsere ta kama, Asabar da Lahadi ba namu ba ne. Sai Talata da yamma mu gan shi, Alhamis da safe ya koma.

Wata rana na tambaye shi, cikin gatse ma na yi tambayar, me ke cikin garejin nan da ya riƙe shi haka. Bai ji gatsen ba, ko kuma ya yi kamar bai ji ba. Ya ajiye cokali ya shiga bayani. Ya ce mutane suna zaton direba ne ko kuɗi ke sa ƙungiya ta daɗe tana ci, alhali a gabansa sun canza direbobi ba sau ɗaya ba, kuma ya ga masu kuɗin da suka haska shekara ɗaya suka ɓace. Ya ce abin da ke riƙe da su zaman ranar Litinin ne. Bayan kowane tsere, ko an ci ko an faɗi, kowa zai zauna ya faɗi abin da ya ɓata da hannunsa, tun daga mai ƙungiyar har mai ɗaure taya, a rubuta. Ba a korar wanda ya faɗi kuskurensa, sai wanda ya ɓoye. Ya kuma ba ni labarin Dennis, wani dattijon bakanike da ke jin ƙarar inji daga nesa ya faɗi abin da ke damunsa. Ya ce ƙungiyar da ta saki irin Dennis don ta yi mummunar kaka ɗaya, ta sayar da shekara ashirin ke nan ba ta sani ba.

Na saurare shi, amma raina bai so bayanin ba. Ni miji nake nema a gida.

Sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Kamfanonin da ke manna sunayensu a jikin motoci suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyoyi da yawa suka sallami ma'aikata. Mai ƙungiyarsu ya tara su ya ce ba zai kori kowa ba, amma kowa zai koma aikin kwana huɗu a mako, har da shi kansa. Suka amince. A asibitinmu kuwa, duk wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa. Akwai wata dattijuwa da ita kaɗai ta san halin wata tsohuwar na'urar gwajin jini. Ranar da ta tafi muka yi mata kek, mako biyu bayan haka na'urar ta tsaya, muka yi cirko-cirko a kanta kamar baƙi. A ranar na gane maganar Sabi'u. Ban gaya masa ba.

A tsakiyar wannan hali wani kamfanin kayan jirgin ƙasa da ke kusa da Manchester ya neme shi. Aiki ne mai kyau, tafiyar rabin awa daga ƙofarmu. A kicin muka yi maganar, ina yanka albasa yana tsaye jikin firij.

Na ce, "Abban Ilham, yarinyar nan ta kusa shiga sakandare. Ta fi sanin muryarka a waya."

Ya ce, "Ki ba ni kaka ɗaya. Abin da ke kaina ban gama sauke musu ba. In na tafi yanzu, da shi zan tafi."

Na ba shi. Ya kwashe kakar nan yana rubuce duk abin da ya sani, yana zaunar da abokan aikinsa biyu yana nuna musu, don dokar garejin ce kada a bar aiki a hannun mutum ɗaya. Kaka ta ƙare, ya ce motar baɗi an riga an fara ta tun tsakiyar shekara, ya bari ya ga ta hau titi. Kamfanin ya gaji da jira ya ɗauki wani. Na daina tayar da zancen. Ba faɗa muke ba, amma hirarmu ta koma ta makarantar Ilham da abin da za a saya.

Wata Alhamis da safe ya ce yana jin ƙirjinsa da nauyi, ya ce ya samu ranar ganin likita nan da mako biyu. Na ce ya tsaya ya huta, ya ce zai huta a jirgi. Washegari bai je aiki ba. Dennis ya san ba ya makara, sai ya tuƙa har Lozells, ya yi ta buga ƙofa, ya kira mai gidan aka buɗe. Suka same shi zaune a kujera, ya sa takalmi ƙafa ɗaya. Shi kaɗai ya cika, ni ina Manchester ina lissafin kwanaki zuwa Talata.

A Birmingham aka yi masa sutura. Duk garejin suka zo, suka tsaya a wajen masallaci cikin yayyafi, ba su san yadda za su yi da hannayensu ba. An gaya mini a maƙabarta Dennis ya nemi izini ya zuba ƙasa, aka ba shi.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tseren da ya biyo bayan rasuwarsa, na so motar ta lalace. Na so birki ya ba su wahala, su zo na ƙarshe, duniya ta ga an yi rashi. Na biyu suka zo. Dennis ya kira ni ranar Litinin, ya ce, "Komai yana cikin takardunsa. Ba mu yi ƙiyasin ko abu ɗaya ba." Ta'aziyya yake yi mini. Na yi masa godiya, na kashe wayar, na zauna a matakalar bene har Ilham ta dawo daga makaranta.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. An ce yanzu kwamfuta ke gwada mota kafin a ɗaura ƙusa ɗaya, har akwai masu tsere da lantarki, ba ƙarar injin da za a saurara. Na san zai so ganin haka, zai kuma tambaya ko har yanzu ana zama a faɗi gaskiya bayan tsere. Dennis ya yi ritaya. Yawancin waɗanda ke garejin yanzu ba su taɓa ganin Sabi'u ba. Ko da ya rayu zai dawo gida kamar yadda ya ce? Na daina amsa wannan tambayar a madadinsa.

'Yan uwa a Kano suna ta cewa in tattara in koma, me nake yi a nan ni kaɗai. Ina ce musu sai Ilham ta gama karatu. Gaskiyar ita ce kabarinsa yana nan.

In na auna abin da ya bari, ba kofi ba ne, ba kuma suna ba, don babu inda aka rubuta sunansa. Ya yi aiki tuƙuru don kada a ji rashinsa ranar da ba ya nan, kuma ya yi nasara. Mutane suna ci gaba da ciyar da iyalansu daga garejin nan saboda irinsa. Na yarda wannan alheri ne, ina roƙon Allah Ya sa a mizaninsa, Ya haskaka makwancinsa. Shekarun da muka yi a rabe kuwa, da daɗewa na yafe masa, ina fata shi ma ya yafe mini shirun da na yi masa a ƙarshe. Abin da har yau na kasa koya, tun da Ilham ta tafi jami'a, shi ne dafa abincin mutum ɗaya.