Ramalan Mai Sauraron Itace

Idan motar itace ta iso bakin kasuwar Tarai da hantsi, Malam Ramalan ba ya taya sauke kaya. Tsugunawa yake, ya jawo gungume, ya manna kunnensa na dama a jiki, ya lumshe ido. Wani gungumen ya tura shi dama, wanda ya ji motsi a ciki kuma hagu. Na hagun ba ya sayar da shi sai ya yini a tanderun laka da ya gina bayan rumfarsa, wuta a ƙasa, baki a toshe, zafi ya ratsa shi har ciki ba tare da ya ƙone ba.

Shekara talatin yana haka, kuma rabinsu da wutsiyar ido ake kallonsa. Hajiya Lubabatu mai ƙosai ta sha faɗa masa a gaban mutane, "Malam, itacen da za a ƙona kake fara dafawa? Me kake kora a ciki?"

"Ƙwaro, Hajiya."

"Uhm. Allah Ya sa ƙwaron ne."

Ya san abin da ake cewa in ya juya baya: hira yake da aljanun daji. A ƙuruciyarsa ya yi dako a wata ma'aikatar katako a kudu, inda ya ga ana gasa katako don kashe ƙwaron da ke ɓuya a ciki. Sau ɗaya ya ba da labarin a majalisa aka yi dariya, ya kama bakinsa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, zargin ya yi ƙafa. Mangwaron maƙwabcinsa Ishiyaku guda uku suka bushe a tsaye. Ishiyaku ya kai ƙara wurin mai unguwa, ya ce tsafin tanderu ne. Aka ce wa Ramalan ko ya wanke kansa, ko a rushe tanderun ya bar kasuwa.

Bai yi rantsuwa ba. Cewa ya yi a je gonar. A gindin bishiyoyin ga tarin itace, wanda Ishiyaku ya karɓa kai tsaye daga mota tun damina, don ya ce ba zai ci abincin da aka dafa da itacen boka ba. Ramalan ya zaro guda, ya miƙa masa.

"Sa kunnenka."

"A'uzubillahi! Ni ma ka sa ni a ciki?"

Mai unguwa ya ce, "Kai dai sa, Ishiyaku, muna nan."

Ya sa. Fuskarsa ta canja. Ƙus, ƙus, ƙus, kamar ana tauna gyaɗa a nesa. Ramalan ya ɗaga gatari ya faskara, sai ga gari yana zuba, ga farar tsutsa kamar yatsa tana murɗawa. Ya ɓanɓare ɓawon mangwaron, ga ramuka irin na cikin itacen.

"Baƙo ne," in ji Ramalan. "Daga dajin nesa ya hawo mota, kai ka ba shi masauki."

Kai ne, Baba Ramalan, wanda bai rama ba. Washegari kai ka kwashe tarin nan a bayanka ka gasa, ka ceci sauran bishiyoyinsa tara. Kai ne mai kunnen da ya tsare mana bishiyoyin ɗorawa da azarar ɗakunanmu, muna zaune a inuwar muna gulmarka. Har yau Hajiya Lubabatu tana cewa ita dai ba ta gama yarda ba, amma ba ta taɓa hura wuta da itacen wani ba.

Watan jiya Baba Ramalan ya ajiye gatari. Kunnen daman ya mutu, na hagun ma sai an ɗaga murya. Tanderun na nan, ba wanda ya karɓa, motoci kuwa ba su fasa zuwa ba.

Mun gode, Baba, Allah Ya saka da alheri, Ya yafe mana abin da muka faɗa a kanka. Ku kuma jama'ar Tarai, har da na Rano, kafin ku jibge baƙon itace a gindin bishiya, ku tsuguna ku sa kunne. In kun ji tauna, ku je ku tambaye shi yadda ake hura tanderu. Ku dai ɗaga murya.