Ranar da Asibi Ta Gwada Waya

Duk wanda ya zauna a Kwamba ya san ƙarar injin Asibi kafin ya san fuskarta. Injin markaɗe ne, a wata rumfar kwano da ke bakin gidan hayar da take ciki. Da mijinta ya rasu ba ta koma gidansu ba, ba ta sake aure ba. Tana fita takaba ta ɗaure zani ta ja igiyar inji. Mace ce gajera, mai faɗa, wadda ba ta iya zama wuri ɗaya. In injin ya tsaya ba ta kiran makaniki. Ita ke cire fulogi ta kankare, ita ke ɗaure bel, in duk ya ƙi ta ɗauki sifana ta ƙwala masa. Sau da yawa kuwa yakan tashi.

'Ya'yanta huɗu. Uku, Khamis da ƙannensa, tana kiransu da sunansu, har da zagi in ta kama. Ta farin kuwa, Mardiyya, ba wanda ya taɓa jin sunanta a bakin Asibi. Haka ta tashi ta gani: 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a nuna an damu da ita. Ana yaye yarinyar, kakarta ta ɗauke ta zuwa Sabon Wuse. Can ta girma tana jin ƙannen uwarta na cewa Yaya Asibi, ita ma ta kama cewa Yaya. Ko a wayar da Mardiyya ta aiko mata daga baya, da "Waccan" Asibi ta sa aka ajiye lambar.

Mardiyya ta yi karatun jinya, ta samu aiki a wani asibiti a ƙasar Larabawa. Kowace Juma'a da hantsi takan kira ta manhajar hira da kowa ke amfani da ita. Ita ke kira, Asibi ba ta taɓa nema ba. Takan amsa ne injin na ruri, ta ce "Lafiya lau" sau uku, ta ajiye.

Wata Juma'a suka yi sa-in-sa. Mardiyya ta ce ƙarar injin nan tana kashe wa Yaya kunne, ta bar markaɗen haka, ita za ta riƙe gidan. Asibi ta ce ba a haifi wanda zai zaunar da ita ba, ta kashe wayar yarinyar tana cikin magana.

Juma'ar da ta zagayo, hantsi ya yi ya wuce, waya shiru. Asibi ta ɗora ta a kan bokitin da ta kife, tana markaɗa wake tana satar kallonta. Ta ɗauka ta girgiza. Ta kashe ta kunna. Ta aika aka sayo mata data, ko da yake wadda ke ciki ba ta ƙare ba. Ta cire layin ta goge shi da bakin zani kamar yadda take yi wa fulogi, ta mayar. Ta fita tsakiyar titi ta ɗaga wayar sama, har wani mai keke napep ya tambaye ta ko ta gaji da duniya ne.

Maƙwabciyarta Rifkatu, tsohuwar malamar firamare, ta kawo markaɗen gero ta tarar da ita tana buga wayar a tafin hannu.

"Maman Khamis, wa kike jira haka?"

"Ba kowa. Gwadawa nake yi."

"Yau Juma'a ce ai. Mardiyya ba ta kira ba?"

"Ina ruwana da kiran waccan."

Rifkatu ta karɓi wayar, ta gyara tabarau, ta tura gaisuwa zuwa lambar. Wata 'yar alamar agogo ta fito kusa da saƙon ta tsaya cak. Ita Rifkatu ƙaramar waya mai tocila take riƙewa, amma ba ta taɓa rasa bayani ba.

"Hmm. Anya ba ta yi bulokin ɗinki ba? Toshe ki ke nan, ko me kika tura ba zai shiga ba. Haka Timoti ɗana ya yi wa yarinyar da suka ɓata. Yaran yanzu ba sa zagi, latsawa kawai suke yi."

Asibi ta markaɗa geron, ya fito da tsaki-tsaki, abin da ba ta taɓa yi ba. Rifkatu na juya baya ta kashe injin, ta yafa mayafi, ta bar robobin mutane a jere ta nufi kasuwa.

Shagon Chukwuka mai gyaran waya ya cika maƙil. Kowa da waya a hannu, kowa da ƙorafi iri ɗaya. Asibi ta ture mutane ta ajiye tata a gabansa.

"Buɗe ta ka duba. Wani abu ya toshe a ciki."

"Mama, waya ba shi da laifi. Duba nawa." Ya nuna mata tasa, agogo a kan kowane saƙo. "Daga kamfani ne. Legas haka, Turai haka, duk duniya."

"Tun yaushe?"

"Tun safe dai. Wasu sun ce tun da hantsi."

"Tun safe ko tun hantsi? Ka tsayar da magana ɗaya."

"Haba Mama, ni na kashe shi?" Mutanen shagon suka yi dariya.

Ita ba ta yi ba. In tun safe ne, ƙila yarinyar ta kira bai shigo ba. In bayan hantsi ne, to ba ta kira ba ke nan. Ba wanda ya iya raba mata wannan.

"To yanzu duk abin da na faɗa a cikinta ba ya zuwa?"

"Ko ƙofar shagon nan ba ya wucewa, Mama."

Ya juya ga wani da ya riga ya miƙo masa waya.

Ta dawo rumfa, ba ta ta da injin ba. Ta zauna, ta tashi, ta share ƙasan da ta riga ta share. Can ta danna alamar magana a kan "Waccan", ta ce, "Gwaji." Agogo ya fito. Ta sake dannawa ta ce, "Ke, kina ji?" Agogo. Ta waiga, ba kowa a layin, maza duk sun tafi masallaci. Sai ta kai wayar bakinta.

"Mardiyya."

Ta saki, ta ga agogon, hankalinta ya kwanta. Ta ƙara dannawa. Ta ce kunnen hagu ya daɗe da mutuwa, ba ta dai faɗa wa kowa ba. Ta ce ran da aka tafi da Mardiyya Sabon Wuse, ta bi motar a ƙasa har bakin titi, ta ce wa mutane gishiri za ta saya. Ta ce, "In kin toshe ni ne, ki buɗe. Ban iya roƙo ba." Sannan ta jefa wayar kan bokitin ta koma kan markaɗen mutane.

Bayan la'asar wayoyin gidan suka fara ƙara lokaci guda, ɗaki bayan ɗaki. Wata matashiya ta yi ihu cewa manhajar ta dawo. Asibi ta ɗauko tata, ta ga agogunan suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, 'yan alamu biyu masu kama da makin malami suna maye gurbinsu. Ta ruga ɗakin Rifkatu.

"Malama, mene ne wannan?"

"Sun tafi ke nan. Me kika tura haka da yawa?"

"Mai gyaran waya ya ce ba sa tafiya!"

"Jira suke yi a buɗe hanya. Ga shi ma sun yi shuɗi, ta saurara."

"Dawo min da su."

"Daga kunnenta?"

Wayar ta hau ruri a hannunta. Asibi ta fita da ita rumfa. Injin na aiki, ta tsaya ta dube shi, sannan ta kashe. Ta sa wayar a kunnen dama.

"Yaya, tun safe nake kira, abin ya ƙi shiga." Mardiyya ce. "Ashe kin san sunana."

"Waya nake gwadawa."

"To sake gwadawa in ji."

"Ke, markaɗen mutane na jirana."

Amma ba ta kashe ba. Ta jawo bokitin ta zauna a kai, masu robobi suna tsaye suna jira.

Har yau Asibi na markaɗe a Kwamba, da auduga a kunnuwa biyu. Lambar tana nan da sunan "Waccan". Ran Juma'a da hantsi ne kawai ba a jin injin, kuma wanda ya kawo markaɗe a lokacin sai ya jira.