Yaya da Duhun Sabbin Finafinai

Idon yayana ya shekara uku yana mutuwa kafin ya yarda, ni kuma ina gefensa ina taya mutane dariya. Da wannan zan fara, don shi ne yake cin raina har yau.

Mai aski ne. Bango ɗaya ya raba shagonsa da nawa, bangon ma na katako, ni ina ɗinki shi yana aski, shekara talatin da ɗoriya. In na tsayar da keken ɗinki ina jin duk abin da yake faɗa, kuma ba ya faɗin komai sai fim. Shi ya sa a duk layin ba mai kiran sunansa. Alƙali ake ce masa, saboda fim ba ya ƙarewa a gabansa bai yanke masa hukunci ba, hukuncin kuma babu ɗaukaka ƙara.

Yana saurayi abin ya kama shi. Ya sami aiki a gidan silima, shi ke riƙe tocila yana nuna wa mutane kujerunsu. Shekara shida ya yi a tsaye a bayan zauren, fim ɗaya sai ya gan shi sau arba'in bai gaji ba. Da aka rufe gidan aka mai da shi wurin ajiye siminti, Baba ya tura shi koyon aski, yana faɗa yana cewa kallo ba sana'a ba ne. Ya koya, kuma ya ƙware. Amma ranar da ya buɗe nasa shagon, tun kafin ya sayi benci na masu jira, talabijin ya fara kawowa da na'urar kaset.

A bangon bayansa ya kafa talabijin ɗin, don shi da wanda ake yi wa aski su riƙa gani ta madubi. Ta madubin nan ya ga duk wani fim da ya fito bayan barinsa silima, saboda haka a juye ya san su. Zai rantse maka wani jarumi bahago ne, masu zaman benci su ce da dama yake riƙe takobi, a yi ta musu har kan mutum ya bushe da rabin aski. Ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba.

Hukuncinsa kuwa na haddace shi kamar awon rigata.

“Mutanen da,” in ji shi, almakashi na ƙara a hannunsa, “in mace za ta yi kuka, ajiye kyamara suke yi a gabanta su tafi shan ruwa. Kana kallo hawayen zai taru, ya cika, ya gangaro. Na yanzu fa? Kafin ka gane wace ce an nuna maka mota, an nuna maka agogo, an dawo an nuna maka takalminta. Me takalmi ya yi min?”

Mugayen yanzu ma ba su tsira ba. Ya ce mugun da in ya shigo ɗaki a hankali yake magana, har ya tambayi lafiyar yara, kai da kake kallo tsoro ya kama ka. Na yanzu tun daga ƙofa yake ihu kamar wanda aka taka wa ƙafa. Amma don Allah a yi masa adalci, a da ba duka yake kushewa ba. Yakan ce yaran yanzu sun fi iya nuna talaka, rigarsa ta talaka, ɗakinsa na talaka, ba kamar tsofaffin ba da za ka ga mai bara da haƙora farare tas. In sabon fim ya burge shi sai ya ɗaga aska sama ya ce, “Wannan yaron ya sha nonon uwarsa.”

Sai kuma ya zo da sabon ƙorafi, wai duhu. Duk fim ɗin da aka kawo sai ya ce duhu ne, ba a ganin gefe, mutum sai ya zo tsakiyar allo kafin a san da shi. “Fitila ta yi musu tsada ne? Ko a cikin rijiya suke ɗauka?” Mu kuma mu kwashe da dariya, don ya iya faɗa. Bai jima ba ya daina saka sababbin gaba ɗaya, ya koma kan tsofaffin kaset ɗinsa, waɗanda ya san duk tarin da aka yi a cikinsu.

Ni na lura. Ba zan ɓoye ba, na lura tun farko. Na ga yana lalubar mataji a kan kanta alhali yana gabansa. Na ga ya buga kafaɗa a ƙofar da ya shekara talatin yana bi. Wata rana na shiga na tsaya a gefensa na hagu har na gaji, bai san ina wurin ba sai da na yi gyaran murya. Na ce, “Yaya, ko za mu je a duba idon nan naka?”

Ya juyo gaba ɗayansa, ba wuya kawai ba. “Kai ne za ka koya min gani? Ni na ɗaura maka wando, ka manta? Je ka ka nemi ramin allurarka.”

Na koma shagona na zauna. Ƙane ne ni, na saba in ya ɗaga murya in sauke tawa. Na gaya wa kaina tsufa ne, tabarau zai gyara, wata rana zai nema da kansa. Gaskiyar magana tsoron faɗansa nake ji, kuma hirarsa tana min daɗi yadda take. Sau ɗaya na yi maganar, ban sake ba.

Ranar da abin ya fito fili da rana ce tsaka. Na shiga wurinsa ina jiran dutsen guga ya yi zafi. Benci cike yake. A kan kujera akwai Direba, tsohon direban babbar mota da tun buɗe shagon ba ya aski ko'ina sai nan. An shafa masa kumfa har wuya, ya kwantar da kai baya, Yaya yana bi da aska. Wani tsohon fim ne a talabijin, wanda jaruma ke zaune bakin taga tana jiran wasiƙa.

Na'urar ta yi ɗan ƙara, hoton ya ɗauke. Allon ya koma shuɗi fes, babu komai a kai, amma sauti bai tsaya ba, kiɗan yana tafiya. Na buɗe baki zan ce kaset ya sake lalacewa, sai Yaya ya ɗaga kai ya dubi madubi.

“To ku duba nan,” ya ce. “Ku dubi yadda hasken ya faɗo mata ta taga, rabin fuska fari rabi inuwa. Kun ga yatsanta a kan labule? Kun ga yana rawa? Wannan shi ne aiki. Ku nuna min yaro ɗaya a na yanzu da zai iya haska fuska haka.”

Mutum shida a shagon, kowa ya zuba wa shuɗin allon ido. Direba ya dube ni ta madubi, askar tana kan maƙogwaronsa, ban taɓa ganin babban mutum ya riƙe numfashi haka ba. Bai motsa ba. Yaya ya ci gaba da jan aska yana ba da labarin abin da babu shi, ya ce ga ɗan aike ya shigo, ga ta miƙe, ga wasiƙar ta faɗi. Yatsunsa na hagu suna gaba suna shafa fata, askar tana biye. A lokacin na gane da hannu yake aski, kuma ya daɗe yana yi.

Ya gama, ko ƙwarzane babu. Ya goge masa wuya da tawul. Direba ya tashi zaune, ya shafa haɓarsa, ya yi magana ƙasa ƙasa.

“Alƙali, hoton nan ya ɗauke tun ɗazu.”

Yaya ya yi dariya. “Na sani mana. Gwada ku nake yi, in ga wa ya san fim.” Ya miƙa hannu zai ajiye askar a kan kanta, ya sake ta a inda babu kanta. Ta faɗi ƙasa, ƙararta ta cika shagon.

Magana ba ta kwana a layinmu. Cikin sati biyu bencin ya koma wurin ajiye tawul. Mutane suna wucewa su gaishe shi daga waje, da sabon aski a kansu, shi kuma ya amsa da fara'a don ba ya ganin kan. Ni nake gani. Direba kaɗai ya ci gaba da zuwa, sai dai ya ce ya yanke shawarar tara gemu.

'Yarsa ce ta yi abin da na kasa. Tana aure a wani gari, na kira ta na gaya mata, washegari sai ga ta. Ba ta roƙe shi ba. Ta ɗauki kwaɗon shagon ta sa a jaka ta ce, “Baba, sa takalminka.” Ya yi faɗa, ya ce an haɗa baki da tela an ci amanarsa. Amma ya sa.

A asibiti likita ya daɗe yana haska masa ido, ya sa shi ya leƙa wata na'ura yana danna maɓalli in ya ga ɗigon haske. Ina tsaye ina ganin ɗigon yana walƙiya, babban yatsan Yaya bai motsa ba. Daga baya likita ya yi mana bayani a sauƙaƙe. Ruwan cikin idon ne ya yi yawa yana danne jijiya, ciwon daga gefe yake fara ci yana matsowa tsakiya, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Na hagu ya tafi. Na dama saura ɗan wuri a tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Ya ce da an zo da wuri, maganin ɗigawa safe da yamma zai iya riƙe shi shekaru.

Sai ya juyo gare ni. “Kai kake tare da shi kullum? Tun yaushe ka lura?”

Na ce shekara uku. Ya dube ni, ya koma rubutunsa.

“Likita, kada ka ga laifinsa,” in ji Yaya. “Ƙanena ne. Ba ya iya gaya min magana.”

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Muna zaune a bencin karɓar magani, wata mata a gefenmu tana kallon fim a waya. Yaya ya ji sautin ya ce wa 'yarsa ta samo masa irinsa a tata. Ta samo, ya kai wayar dab da idon dama, yana ɗan juya ta har hoton ya faɗa cikin ramin da ya rage masa. Ya daɗe a haka.

“Wannan na yaushe ne?”

“Na bara, Baba.”

“Ai da haske,” ya ce. Ya sauke wayar a cinyarsa. “Shekara uku ina zagin bayin Allah, ashe fitilarsu lafiya lau.”

Bai sake riƙe aska ba. Shi da kansa ya naɗe kayan askinsa a tawul ya ba 'yarsa. Kujerar askin muka ɗauko muka sa a shagona kusa da keke, talabijin kuma a kan kantar yadi. Ina ɗiga masa magani safe da yamma, ban taɓa tsallakewa ba, amma ramin yana ƙara tsukewa, shi ma ya sani. Tsofaffin kaset ya ce a bar su a kwali, yana da su a ka. Sababbin yake so, duk waɗanda ya ƙi kallo, ɗaya bayan ɗaya. Shi yana jin magana, ni ina gaya masa abin da ke allo.

Ban iya ba, kuma ba ya raga min. Jiya muna kallon wani, an zo wurin da aka gaya wa wata mata ɗanta ba zai dawo ba. Aka yi shiru a fim ɗin, shiru mai tsawo. Ya matso gaba a kujera.

“Me ake nunawa?”

“Fuskarta.”

“Har yanzu?”

“Har yanzu. Ba su ɗauke ba.”

“Madalla da yaron nan. Me take yi?”

“Kuka take yi, Yaya.”

“Kowa ya iya kuka. Hannunta fa? Me hannunta yake yi?”

Ban duba hannun ba. Kafin in kai ido an wuce wurin. Na so in ƙirƙira masa wani abu, in ce tana murza bakin zanenta, amma na riga na yi masa shirun da ya cuce shi, ba zan ƙara masa da ƙarya ba. Na ce ban gani ba.

Ya jingina da kujerar, ya juyo da fuskarsa wajen da yake tsammanin ina zaune, ya ɗan kauce kaɗan.

“Mayar da shi baya,” ya ce. “Ka duba da kyau wannan karon. Idonka kaɗai gare mu.”