Jan Hasken Baban Solkem

Rimtebaye mijin yayata ne, mai gyaran waya a bakin kasuwar Mundu. Mutum ne mai saurin hawa, amma in ya sunkuya kan waya da ƙarfen dalma a hannu, ko rumfar za ta kama da wuta ba zai ɗago ba. Ba ya shan giyar bili-bili, ba ya kallon ƙwallo. Ranar Lahadi ma daga coci sai rumfa.

'Yarsa ta fari, Solkem, da sikila aka haife ta. In ciwon ya tashi, ni nake kwasarsu a babur ɗina zuwa asibiti, ita a tsakiya, shi a baya yana yi mini tsawa in yi sauri, in kuma bi a hankali. Can kuma sai a shiga abin da ya fi ci masa rai, wato neman jijiyar da za a sa mata ƙarin ruwa. Yarinyar baƙa ce wuluk kamar ubanta, jijiyoyinta sirara, in jikinta ya bushe sai su ɓace ɓat. A soka nan, a zare, a koma can.

Wata rana ya kasa daurewa, ya ce wa nas ɗin da ta saba duba ta, Madam Nelumta, "Haba Madam! Hannun mutum ne fa, ba katifa ba."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Baban Solkem, hucin da kake yi mini a wuya ba zai fito da jijiya ba. Ko ka karɓi allurar, ko ka fita."

Ya fita yana ƙunƙuni.

Bayan an sallame su, ya ga yarinyar tana wasa da tocila, ta kife yatsunta a kai, sun yi jajir, ga wasu baƙaƙen layuka a ciki. Ya yi ta bincike a waya har ya gano cewa jini ya fi tsoka shanye jan haske, shi ya sa jijiya ke fitowa kamar inuwa, kuma akwai na'urorin da ake yi don haka a ƙasashen waje. Daga ranar muka rasa sukuni. Na fito da safe na tarar an kwance fitilar bayan babur ɗina.

Na ce, "Suruki, sata ka fara?"

Ya ce, "Wa ke kallon bayanka? Miƙo hannunka."

Ya jera ƙananan jajayen ƙwayayen fitilar cikin murfin kwalba, ya haɗa da batirin waya. Ta farko ta yi zafi har ta tayar wa yayata Denemaji bororo a hannu. Ta ce, "Ka ga, da hannun nan nake tuƙa tuwon da kake ci. Je ka gwada a kan akuya." Ta biyu ba ta da ƙarfi. Wadda ta biyo baya ya kai wa likita. Likitan ya jujjuya ta, ya ɗora a bayan hannunsa na ɗan lokaci, ya ce, "Dabarar ta yi, amma har yanzu tana ɗumi. In ta ƙona ɗan wani, ni za a kama." Rimtebaye ya dawo yana zage-zage, ya ƙi cin abinci, washegari kuma ya zauna ya gyara, don ya san gaskiya aka gaya masa.

Damina ta wuce kafin likitan ya yarda a gwada. Da ciwon Solkem ya sake tashi, ina tsaye a bakin ƙofa aka saki labule, uban ya danna fitilar a hannunta. Fatar ta yi ja. Aka duba, aka ƙara dubawa, babu komai sai wata 'yar inuwa da ba ta kai a kira ta jijiya ba. Madam Nelumta ta bi inuwar, ta soka, ba jini.

Solkem ta ce, "Baba, don Allah kashe ta. Kana tare mata wuri."

Ya kashe, ya ajiye ta a kan tebur, ya fice. Ranar ko babur bai hau ba, da ƙafa ya koma gida.

Ya daɗe ba ya son a ambaci maganar. Sai ga Madam Nelumta a rumfarsa wata rana da hantsi, ta zaro fitilar daga jaka, wayar batirinta a tsinke.

"Gyara mini, kuma ka yi mini wata."

"Ki yi me da ita?"

"Jarirai. Hannunsu ba kauri, hasken yana ratsawa, jijiyar tana fitowa ɓaro-ɓaro. Yanzu sau da yawa sukan farko nake samu."

"Ni don 'ya'yan wasu na yi?"

"To, su ta karɓa. Zan dawo jibi."

Ya yi mata, yana yi yana tsaki. Labari ya bazu. Wata mata da aka sa wa ɗanta ruwa da fitilar ta kawo masa busasshen kifi daga bakin kogin Logon, ya tura gida bai ko buɗe ba. Fasto ya ambace shi a coci, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi. Da na ce ya kamata ya yi murna, sai ya ce, "Kai an taɓa riƙe maka 'yarka ana soka tana kallon idonka?"

Yanzu Solkem ta shiga sakandare. Har yau ana shan wahala da hannunta, sai dai ta daina kuka, ita ce ma ke nuna wa sababbin nas inda aka dace a baya, kuma ta hana ubanta shiga ɗakin. Shi kuwa ya koma kan kyamarorin tsofaffin wayoyi, yana ɓare su, wai akwai hasken da ido ba ya gani wanda ya fi jan haske shiga jiki.

Makon jiya na tsaya a rumfar, ya cafke hannuna ya tura ƙarƙashin wani kwali. A fuskar waya na ga wasu abubuwa kamar saiwar bishiya, dishi-dishi. Daidai lokacin Solkem ta zo wucewa da ƙawayenta, ya ƙwala mata kira.

Ta ce, "Baba, na makara. In ta yi aiki a hannun kawu sau goma, ka kira ni."

Ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma ka daina motsi."