Ranar da Tsohuwa Ta Ce Masa "Ke"

Shekarun da aka rufe iyaka aka tura ni wani shinge bayan Bagudo, a kan hanyar da ke shiga ƙasar Benin. Ni kaɗai ce mace cikin sojojin da ke wurin. Na yi horo irin nasu, harbi kuwa na fi da yawansu saiti, amma ranar da na sauka, saje ya dube ni sama da ƙasa ya nuna mini murhu. Aikina shi ne lalube matan da ke tsallakowa da kuma tuƙa tuwo. Duk ranar da na nemi a sa ni cikin masu sintiri sai ya ce, "Kai, namijin duniya, koma ga tukunyarka." Raina yana ɓaci, amma sai in sara masa in koma.

Mutum guda ne bai taɓa yi mini dariya ba, wani kofur dogo mai sanyin magana, mutumin gabas. Kakinsa kullum a goge, bai yi aure ba, ba ya shiga hirar mata da ake yi a gindin mangwaro. In ya ga hayaƙi ya dame ni sai ya karɓi muciya. Ya ce mahaifiyarsa ba ta haifi mace ba, shi ya tashi yana yi mata girki. Tuwonsa ya fi nawa, ban kuma ji kunyar faɗa ba.

Akwai wata tsohuwa Badanda da ke kawo bandar kifi daga tsallaken iyaka duk ranar kasuwa. A yarensu babu bambancin "kai" da "ke", don haka in tana Hausa duk wanda ya zo bakinta shi take jefawa. Ta sha ce wa saje kansa "ke", ba wanda ya ko ɗaga kai. To, wata ranar kasuwa ta iske kofur a durƙushe yana tuƙi, ta sauke kwandonta ta ce, "Ke soja, taho ki ɗauki kifinki."

Wani ya fara ƙyaƙyatawa, sauran suka ɗauka. Shi ma kofur ya yi murmushi ya karɓi kifinsa. Tsohuwar ta yi ta kallonsu, ba ta san abin da ta faɗa ba.

Daga ranar bai sake zama "kai" a shingen nan ba. Da farko wasa ne, "ke, miƙo ruwa", "ke, ina ɗankwalinki". Sai aka shimfiɗa zanen atamfa a kan gadonsa. Sai aka daina sa hannu cikin kwano guda da shi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne sallah, yadda wanda ke kusa da shi ke ja da ƙafa ya bar fili a sahu. Kafin damina ta wuce wasan ya zama zargi, wai maza yake nema, wai an gan shi da wani mai kwale-kwale. Wanda ya gani kuwa ba a taɓa samunsa ba, kowa ji ya yi. Gaskiya ne ko ƙarya, ban sani ba, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Ban ga abin da amsar za ta canza ba game da mutumin da na sani.

Sau guda ya yi mini maganar. Muna wanke tukwane ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In suka kore ni da sunan nan, zai riga ni isa gida. Tsohuwata ba za ta ƙara fita ko bikin suna ba." Kurkuku ba ya ba shi tsoro kamar wannan.

Da wani hafsa ya zo bincike, na nemi izinin magana. Na faɗi yadda abin ya fara, tun daga kifi har zanen atamfa, na faɗi wanda ya shimfiɗa shi. Ya saurare ni yana wasa da makullin mota. Da na gama ya ce macen da ta bar gidan ubanta ta zo zama cikin garada ba ita za ta wanke wani ba, ita ma tana buƙatar mai wanke ta. Sannan ya tambaya ko abinci ya nuna.

Aka ce washegari za a kai kofur bariki a tuhume shi. Da hantsi, mota na jira, ya nemi ya je rafi ya yi wanka. Aka bar shi, don ba wanda ke son ya raka shi. Da aka gaji da jira aka bi sawu. Mun tarar da kakinsa a ninke a kan dutse, takalman a jere, hula a sama. Ruwan ya cika a lokacin, yana gudu, ƙasar Benin kuma ga ta can ana hangowa. Suka ce ya gudu daga aiki, aka rufe maganar. Ni har yau ban san ko ya haye ba.

Ranar kasuwa tsohuwar ta zo. Ta duba gindin murhu, ta duba gindin mangwaro, sannan ta zaro wani babban kifi da ta naɗe daban cikin ganye. Ta ce mini, "Ina take, doguwar nan mai kirki? Na aje mata nata." Ba wanda ya yi dariya. Na buɗe baki in gyara mata, na kasa, na karɓi kifin kawai.

Na bar aikin soja da daɗewa. Amma har yanzu in ina cikin kasuwa na ji wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce "ke", ba na zaton da ni take. Juyawa nake yi ina duban dogayen maza.