Hannun Hagu a Cikin Tire

Shekarar da ɓarin jikina na dama ya shanye, likita a Samaru ya ce hannun ba zai dawo ba. Na karɓa, domin ikon Allah ne. Abin da ban karɓa ba ya faru ne wajen walimar suna a Sabon Gari.

An ajiye mana shinkafa a tire ɗaya. Na yi bisimilla, na sa hannun hagu. Wani dattijo da ya san lalurata sarai ya janye tiren, ya ce, "Haba Malam, da hagu? A zubo masa nasa daban."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da farko na so in tashi in tafi. Daga nan na so in zage shi. Sannan na ga cewa in na tashi yau, ni kaɗai zan riƙa cin abinci har in mutu.

Na jawo tiren, na ce, "Alhaji, ga na daman nan a cinyata. In za ka iya ɗaga shi, bisimilla."

Dattijon ne ya tashi. Ni kuwa na ci har na ƙoshi, ina huci.